Jarrabawar shiga karatun lauya: a ɗaki ko a zaure? A fara tambayar ɗan Kwaya

A Amurka, wanda ke son shiga makarantar koyon aikin lauya galibi sai ya fara rubuta wata jarrabawa da ake kira LSAT. Shekara da shekaru a zaure ake rubuta ta, kowa da kujerarsa, mai tsaro na zagayawa, har annobar korona ta zo a 2020 ta rufe zaurukan. A watan Mayu na wannan shekarar hukumar da ke shirya ta, LSAC, ta mayar da ita ta intanet: ɗalibi na zaune a gidansu gaban kwamfuta, mai tsaro na kallonsa ta kyamara daga wani gari. Daga watan Agusta na 2023 kuma aka ba shi zaɓi. A wannan tsarin na 2023, bayan ya yi rajista, sai ya shiga shafin wani kamfani mai suna Prometric ya zaɓi rana da lokaci, sannan ya faɗi ko a gida zai rubuta ko a cibiyar jarrabawa.

Na sha jin ƴan bokonmu, musamman waɗanda suka ɗanɗani zaman birni, suna cewa wannan shi ne maganin matsalarmu. Wai tunda nisa ne ke kashe ɗan karkara, a kawo masa jarrabawa har ɗakinsa, a huta da kuɗin mota. Maganar na da daɗin ji. Amma ni dai ban yarda da ita ba, kuma ina so iyaye da ƴan uwana malamai su ji dalili tun kafin wani ya zo ya yanke mana hukunci daga ofis.

Wani zai ce ina ruwan Kwaya da jarrabawar Amurka. Gaskiya ne a Nijar ba a rubuta wata jarrabawa ta musamman don shiga sashen shari'a na jami'a. Yaro ya ci BAC, ya kai takardunsa Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko Jami'ar Djibo Hamani a Tawa, ko Jami'ar Musulunci ta Say idan ta ɓangaren Larabci ya fito. Ƙofofin masu tsauri suna gaba: gasar shiga makarantar horar da alƙalai, EFJN, da jarrabawar CAPA ga mai son sa rigar lauya. Sai dai mu nan ƙasar Magariya da Dungas ba Yamai kaɗai muke kallo ba. Daura da Ɓaɓura da Maigatari da Gumel sun fi mana kusa. Akwai gidajen da rabin ƴaƴansu ke karatu a can, wajen kawu ko goggo, kuma idan sun gama sakandare JAMB suke rubutawa, wadda tun 2015 aka daina yin ta da takarda, sai a kwamfuta. Jami'ar Legas ma ta riga ta yi jarrabawarta ta tantancewa bayan JAMB ta intanet, ɗalibi yana zaune a inda yake. Abin da ya faru a kudu yakan iso arewa, abin da ya iso Kano kuma ba ya jimawa bai ƙetaro iyaka ba.

To mu duba abin da aka nema wajen mai rubuta LSAT a gida a tsarin 2023. Kwamfuta mai kyamara da makirufo. Intanet wanda ba ya yankewa. Tebur wanda babu komai a kansa sai abin da aka yarda. Kafin a fara, sai ya juya kyamara ya nuna wa mai tsaro duk kusurwoyin ɗakin. Sannan babban sharaɗi: ɗaki shi kaɗai, a rufe, kada kowa ya shigo, kada ya yi magana da kowa. Kashi huɗu ne, kowane minti 35, da hutun minti 10 a tsakiya. Wato kusan awa uku idan an haɗa da tantancewar farko.

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san babu wannan ɗakin. Saurayi da ƙannensa uku ko huɗu suke kwana. Zaure kuwa hanyar kowa ce, ta nan baƙo ke sallama, ta nan akuya ke fita, nan almajiri ke tsayawa da ƙoƙonsa. A tsakar gida ana daka, rediyo na magana, jariri na kuka. A ce ma an samu ɗaki an rufe ƙyaure. Wane yaro ne mahaifinsa zai kira shi daga waje ya ƙi amsawa, wai don wani mutum a wata ƙasa yana kallonsa? Idan ya amsa, ya karya dokar jarrabawa. Idan ya yi shiru, ya karya ta gida, kuma ita ce zai ci gaba da zama da ita. Ta ƴa mace ta fi wuya. Yarinyar da take gida ba a ganin ta a matsayin mai aiki, ko da littafi ne a hannunta. Kafin awa uku a kira ta sau biyar, ɗebo ruwa, duba tukunya, riƙe mini yaron nan. Sannan ku gaya mini uba nawa ne a ƙauyukanmu zai yarda ƴarsa ta juya kyamara ta nuna wa wani namijin da ba a sani ba gadonta da akwatinta da inda take rataye kayanta. Waɗanda suka tsara wannan doka ba mugunta suka yi ba. Gidan da suka sani suka auna.

Sai wuta. Ba sai na tuna wa kowa abin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023 ba. Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, kuma mu mutanen Damagaram da Maraɗi layin da ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa shi ne jijiyarmu. Sai da aka ɗage takunkumi a ƙarshen Fabrairu 2024 sannan wutar ta dawo. Wannan ma maganar garuruwan da ke da waya ce. A mafi yawan ƙauyukan gundumarmu, wuta ita ce faifan sola na mai cajin waya a bakin kasuwa. Rezo kuma duk mazaunin bakin iyaka ya san halinsa: kana tsaye wuri guda, yanzu wayarka na kan layin Nijar, an jima ta tsallaka ta kama na Najeriya, an jima babu ko ɗaya sai ka hau tudu. Wannan ya isa a aika saƙon murya a WhatsApp. Bai isa a riƙe hoton bidiyo awa uku ba tare da ya tsinke ba. Na san Starlink ya shigo ƙasar a 2025, amma wanda ke da kuɗin kwanonsa da na wata-wata ba shi ne yaron da muke magana a kansa ba.

Ko a Amurkar ma abin bai tafi sumul ba. A zangon farko na sabon tsarin, Agusta 2023, ɗalibai da yawa da suka zaɓi gida sun yi ta jiran mai tsaro bai zo ba, wasu na'urar ta ƙi buɗe musu, har hukumar ta ba da haƙuri ta ba su damar sakewa kyauta. A 2025 kuma ta sanar da dakatar da rubuta jarrabawar ta intanet a ƙasar Sin, saboda ta gano akwai masu sana'ar taimaka wa mutane su yi satar amsa daga nesa. Wannan na biyu ya fi damuna. Jarrabawa ba ta da wani jari sai yarda. Ranar da aka fara zargin cewa mai kuɗi zai iya hayar wani ya rubuta masa daga ɗakin da ke maƙwabtaka, sakamakon kowa ya faɗi daraja, har da na yaron da ya kwana yana karatu da fitilar waya. Kuma ba gasar ɗinki ake ba. Mutanen da gobe za su zauna su raba gado da gona ake tacewa.

Yanzu bari in juyo kan zauren, don shi ma ba wankakke ba ne.

A jarrabawar JAMB ta 2025, wadda kusan mutum miliyan 2 suka zauna, an umarci ƴan zangon farko su isa cibiya da ƙarfe 6:30 na safe. Iyaye sun yi ta kuka, don yaron da aka tura wata unguwa mai nisa ko wani gari sai ya fito cikin duhu, a ƙasar da kowa ya san halin hanyoyinta. Da sakamako ya fito kuma aka ga faɗuwar da ba a saba gani ba a wasu yankuna. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban ƴan jarida yana hawaye, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas biyar, ta shafi ɗalibai 379,997. Aka ce su sake, kuma aka fara sakewar ranar 16 ga wata, kwana biyu kacal bayan sanarwa, alhali da yawansu suna tsakiyar rubuta WAEC.

Masu son jarrabawar gida sukan kawo wannan labari su ce to ga zaurenku nan. Ni kuwa shi ne babbar hujjata. Me ya sa aka gane an yi kuskure? Saboda ya faɗa wa mutane da yawa lokaci guda, a wurare sanannu, kan na'urorin hukuma. Iyaye suka haɗa baki, malamai suka kwatanta sakamako, aka matsa lamba har aka buɗe na'urorin aka duba. Laifin ya zama na hukuma, kuma dole ta ɗauka. Yanzu ku ɗauki yaro ɗaya a wani ƙauye kudu da Kwaya, rezo ya yanke masa a minti na 20 na kashi na biyu. Wa ya gani? Wa zai shaida? Zai rubuta ƙorafi da Turanci ko Faransanci zuwa wani akwatin imel, a amsa masa da cewa tabbatar da ingancin intanet alhakin ɗalibi ne. A gida ma ba za a yarda da shi ba, za a ce dama bai yi karatu ba. Idan zaure ya lalace, na jama'a ne, kuma kukan jama'a ana jin sa. Idan ɗaki ya lalace, yaron ne kaɗai da baƙin cikinsa. Abin da ake kira sauƙi a jarrabawar gida, a gaskiya ɗauke nauyin wuta da na'ura da tsaro ne daga kan hukuma a ɗora wa uban yaro.

Amma idan na tsaya nan na yi rabin magana. Zauren da yake nisan kwana biyu shi ma wata hanyar tace talaka ce. Daga Magariya zuwa Damagaram kusan kilomita 90 ne, daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900. Duk gasar da aka ce sai a babban birni, an riga an cire wanda ba shi da kuɗin mota zuwa da dawowa, da wanda ba shi da ɗan uwan da zai sauke shi, da yarinyar da ba za a bari ta yi wannan tafiya ita kaɗai ba, wato sai an biya kuɗin mutum biyu. Na ga ɗalibar da ta fi duk ajinsu iya jera hujja, irin wadda idan ana musu sai kowa ya yi shiru, ta bar wata gasa ta wuce ta saboda a makon ne aka sayar da tunkiyar da za a yi mata guzuri da ita don a sayi magani. Ba ta faɗi ba. Ba ta je ba ne. Irinta ba sa fitowa a kowace ƙididdiga. Masu ƙetarawa Najeriya kuma suna da tasu: iyaka. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufewa daga 2023 zuwa Maris 2024. Yaron da ya zo hutu gida, takardarsa ta ce gobe ƙarfe 6:30 a Daura ko Kazaure, ya san abin da ake nufi da bin hanyar daji a kan babur.

Abin da nake kira gare shi ba sabon abu ba ne. A kawo zauren kusa. BEPC da BAC ai ba a Yamai kaɗai ake rubuta su ba. Ƙasar nan ta daɗe da sanin yadda ake kai takardun jarrabawa a rufe har cikin jihohi, a tura masu tsaro daga wani wuri. Idan an koma kwamfuta ma ba sai kowace na'ura tana kan intanet ba. A cibiyoyin JAMB, tambayoyin na sauka ne a kan babbar na'ura guda ta cibiyar, sauran kwamfutocin na ja daga gare ta ta wayoyin cikin ɗaki. Abin da ake buƙata ɗaki ne mai rufi, da faifan sola da batura, da janareto na ko-ta-kwana, da mutum biyu da suka san aikin. Damagaram na da jami'a. Magariya na da lise. Ɗakin da aka gina don jarrabawar kwana uku, sauran kwanakin shekara ɗalibai za su koyi kwamfuta a cikinsa, maimakon a rufe shi da kwaɗo ƙura ta cinye, kamar yadda muka sha gani da kayan da ƙungiyoyi ke kawowa.

Sai maganar rana, wadda ita ce aka fi rainawa. Mai zaune a ofis yana duba kalanda ne ya ga inda babu hutu. Mu kuwa shekararmu ba haka take ba. Afrilu da Mayu zafi ne mai wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano da kwamfuta 50 a ciki ya zama tanda. Ruwan farko na sauka, duk mai hannu yana gona, kuma ranar shuka ba ta jiran kowa. Agusta hanyoyin ƙauye sun yanke, rumbu ya yi ƙasa, babu mai kuɗin mota. Azumi kuma yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka ranar da ta yi daidai bana ba lallai ta yi baɗi ba. Idan da za a tambaye ni lokacin da ya dace da gasar da ba ta ɗaure da buɗe makarantu, kamar ta alƙalai, zan ce bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. An sayar da wake da gyaɗa da riɗi, hanya ta bushe, gari ya yi sanyi. Kada a sa ranar Juma'a. Kada a fara kafin mai fitowa daga ƙauye bayan sallar asuba ya iso. Abu mafi muhimmanci kuma, a faɗi ranar tun da wata uku, a kuma tsaya a kanta. Ɗage jarrabawa ana saura kwana biyu, ga mai mota a birni ɓacin rai ne kawai. Ga wanda ya riga ya ci bashi ya hau mota, shekarar ce ta tafi.

Me ya sa nake ɗaga murya a kan karatun shari'a musamman? Ku je ƙofar kotun Magariya ko fadar kowane hakimi ku ga abin da ya tara mutane. Gona ce, da gado, da iyakar burtali, da jinginar da kaka ya yi ba takarda. Ƙasarmu na daga cikin mafi cunkoson jama'a a Nijar, gonaki na ta ƙanƙancewa, rigima na ƙaruwa. Tun 1993 akwai dokar ƙasar noma, akwai kwamitocin da ake kira Kofo masu ba da takardar shaida, kuma a irin waɗannan shari'o'i kotu na duba al'ada, har tana zama da masana al'adar. Wannan aiki na son mutumin da ya san bambancin aro da jingina da kyauta a bakin tsoho, ba sai an yi masa tafinta ba. Idan ƙofar shiga ta zama sai mai ɗaki shi kaɗai da intanet mai ƙarfi, ko sai mai kawu a Yamai, to za mu ci gaba da samun masana doka da ba su taɓa riƙe hauya ba suna yanke hukunci a kan gonar da ba su san yadda ake auna ta ba. (A nan in ja kunnen iyaye masu tura yara Kano ko Zariya: dokar Najeriya tushenta na Ingila ne, tamu na Faransa. Shekara biyar a jami'a da shekara guda a makarantar lauyoyi, kamar reshenta na Bagauda, ba su isa su sa yaro ya tsaya gaban kotun Damagaram kai tsaye ba. A yi tambaya tun kafin a biya kuɗin shekarar farko.)

Kafin hukuma ta ji, akwai abin da ke hannunmu. Duk uban da aka ba ɗansa zaɓi tsakanin gida da cibiya, ya zaɓi cibiya, ko da za ta ci kuɗin mota. A JAMB ɗalibi gari yake zaɓa lokacin rajista, hukuma ce ke ba shi cibiya da rana da lokaci, saboda haka a yi rajista da wuri kafin gurbin gari mafi kusa ya cika, kuma kada a bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa masa don ya sallame shi da sauri. A fitar da takardar da ke nuna cibiya da zarar an saki. A tafi tun ana gobe, yaro ya taka da ƙafarsa ya ga ƙofar. A kuma duba suna. Wannan ƙaramin abu ya hana yaran bakin iyaka da yawa shiga ɗaki: takardar haihuwa ta ce Ousmane Mahamadou, takardar makarantar can ta ce Usman Muhammad, ranar haihuwa a nan “wajen shekara kaza”, a can 1 ga Janairu. Mai gadi a ƙofa ba ya sauraren tarihin yadda Faransa da Ingila suka raba mu. Gyaran irin wannan wata da watanni yake ci, ba a fara shi ana saura mako.

Mu malamai kuma namu ya fi sauƙi, ya kuma fi zama abin kunya idan muka bari. UTME tambaya 180 ce cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba zai ƙone minti 10 na farko yana neman inda zai danna, hannunsa na rawa, alhali ya san amsar. Iya latsa waya ba iya kwamfuta ba ne. Abin da ake buƙata kuwa kaɗan ne: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. Ana iya zana wannan a allo, ana iya zana shi a bayan kwali kowa ya ɗora yatsa. Kuma a yawancin makarantunmu akwai kwamfuta guda a ofishin darakta, lulluɓe da zane, ba a buɗe ta sai za a buga jerin sunaye. Ajin ƙarshe mai ɗalibai 60, a ba kowane minti 15, awa 15 ke nan, wato yammacin Laraba biyar kafin a shiga zafi.